Kaki da Garin Gawayi

Ina ajin ƙarshe a jami'a aka gano Baba yana da ciwon suga. Allurarsa ba ta son zafi, mu kuwa a Hausari wuta sai ta ga dama take zuwa, ga bazara ta kankama. Kullum sai an sayo ƙanƙara, kafin azahar ta koma ruwa, a sake sayo wata.

Aikina na kammala karatu a kan wani irin kaki ne mai saurin narkewa. Muddin yana narkewa zafi yake shanyewa, abin da ke kusa da shi ba ya ɗumama sai ya narke kaf. Aibinsa ɗaya, da ya narke sai ya malale. Malaminmu ya ce mu nemo abin da zai riƙe shi a ciki, ya narke amma kada ya tsiyaye.

Na kasa zama wuri ɗaya. Na roƙi ɗan kaki a ɗakin gwaji na kawo gida. Na cuɗa shi da garin katako, ya tsiyaye ya ɓata tabarmar Mama. Na gwada yumɓu, ya tsage. Daga nan na daka gawayi, na tankaɗe, na dama da kakin, na danna a murafen gwangwani, suka zama ƙananan faya-fayai.

"Yau kuma turmina ne ya shiga karatun?" in ji Mama.

Da hantsi na sanyaya faya-fayan a ruwan ƙanƙara, na jera su cikin kula tare da kwalbar ruwa da ma'aunin zafi, don ban yarda in yi gwaji da allurar ba. Sai na shiga safa da marwa. In buɗe in duba, in rufe, in je bakin ƙofa, in dawo.

Baba yana kwance a inuwar darbejiya, ya ce, "Uwata, ai ke kike shigar da zafin. Zauna nan."

Na zauna. Ya riƙe ni da hirar kasuwar kifi har aka kira la'asar.

Da na buɗe, faya-fayan sun yi laushi, amma ko ɗigo bai fita ba, kwalbar kuma da sauran sanyinta. Kafin magariba dai ta ɗumama.

Ba mu daina sayen ƙanƙara ba. Sai dai tun daga ranar sau ɗaya ake sayowa, ba sau biyu ba, ni kuma na koma neman gawayin da ya fi wannan shan kaki.