Bakan da Aka Lanƙwasa a Tukunyar Gumi

Na karanta abin da ya sawwaƙa na tarihin dauloli, na Larabci da na boko, na kuma koyar da shi har kaina ya yi furfura. Abin da na tsinta a ciki shi ne, duk mai son ya auna adalcin wata al'umma, to ya bar fadar sarkinta da zauren alƙalinta, ya je ya duba yadda take yi da mutumin da ya zo da sabuwar hanyar lanƙwasa itace. A wannan ma'aunin, ƙauyenmu da ke tsakanin Shagari da Boɗinga bai ci jarrabawa ba, kuma a gabana aka yi.

Mutumin yayana ne. Ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa a rame, da takalman soja, da shiru mai yawa, ya tarar mahaifinmu ya rasu. Mahaifinmu maharbi ne, yana da gurbinsa a sahun farautar gayya da ake fita kowane rani bayan girbi, a hannun daman sarkin baka. Gurbin nan Yaya yake so, ba don nama ba. Tun dawowarsa mutane suke gaishe shi kamar baƙo, suna kiransa Soja, in ya zauna a dandali hira ta sauya. Ya san ranar da ya tsaya inda ubansa ke tsayawa, ranar zai koma ɗan gari. Al'adar maharbanmu kuwa ita ce, magaji ba ya shiga sahu sai da bakan da ya sassaƙa da hannunsa.

Bakan ƙasarmu miƙaƙƙe ne, sanda ce da tsarkiya. Yaya kuwa ya ga wani iri a hannun mutanen duwatsun can, wanda bakinsa biyu suka juya gaba kamar ƙahon rago, ga shi gajere amma kibiyarsa ta fi nisa. Ya ga yadda suke tausasa itacen da tururi. Sai ya saro itacen dargaza, ya tsaga, ya tura ta ƙarƙashin rumbu ta sha inuwa har ta bushe. Ya fere ta da gizago, ya bi ta da wuƙa, ya kankare da fasasshiyar kwalba. A gadon bayan bakan dai bai yarda ƙarfe ya tsallake jijiyar itacen ba, don ya ce daga nan baka ke karyewa.

Saura tururi. A duk ƙauyen babu inda tururi ke tashi da ƙarfi ya kuma daɗe kamar tukunyar da Inna, mahaifiyarmu, ke gumin shinkafar fadama a ciki, wato turara ta kafin a surfe. Matsalar ita ce Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Lokacin ina sabon malami a elementaren Shagari, ina zuwa gida a keke ranar hutu, sai na zama jakada tsakanin mutum biyu da ke zaune a tsakar gida ɗaya. Na kai roƙo. Inna ta ce in gaya wa wancan kada ya zubar mata da shinkafa. Ta ƙara itace a murhu fiye da yadda gumi ke bukata, ta juya baya kamar ba ruwanta.

Ya cusa bakin itacen cikin tukunyar, sama da shinkafar, ya rufe da faifai, ya toshe gefe da tsohon buhu. Da itacen ya sha tururi ya yi laushi, ya zaro shi da tsumma a hannu, ya danna shi a cikin wani fasasshen turmi, a hankali amma ba tsayawa, ni kuma na ɗaure da igiyar rama. Aka bar shi a ɗaure har ya huce ya bushe. Gumi na gaba aka yi wa ɗaya bakin. Daga nan sai shafa man kaɗanya, da murɗa tsarkiyar fata, da doguwar wahalar jan bakan kaɗan-kaɗan ana duba wane ɓangare ya fi taurin kai a ƙara kankare shi. Ranar da ya gwada shi a bayan gari, kibiyar ta wuce kukar da maharba ke auna nisa da ita, ta faɗa gonar albasar wani. A ranar na fara jin dariyarsa tun dawowarsa.

Labari ya riga mu zuwa wurin sarkin baka. Dattijo ne mai layu har gwiwar hannu, wanda ya daɗe da daina ganin barewa sai an nuna masa. Ya karɓi bakan, bai ja shi ba, bai duba lanƙwasar ba. Ya kai shi hanci.

Ya ce, “Wanga baka ƙamshin gumi shikai. Bakan mata na. Ba shi shiga dajinmu.”

Dalilinsa shi ne, a ƙa'idar maharba mace ba ta tsallake baka, ba ta taɓa kwari, balle a ce baka ya yi wanka a tukunyarta. Duk naman dajin zai ji warin murhu ya gudu, sa'ar sahu gaba ɗaya ta karye. Wani daga cikin yaransa ya tambayi Yaya ko kibiyoyin ma Inna za ta soya masa. Aka yi dariya. Mai tambayar nan, in ban manta ba, shi ne ya taɓa harbin jakin maƙwabcinsa ya rantse gyado ne.

Na ɗauki maganar zuwa wurin liman, don na tabbata littafi yana bayanmu. Na ce ruwa mai tsarki ne, shinkafa mai tsarki ce, tururinsu mai tsarki ne, kuma babu babin da ya ce hannun mace na ɓata itace. Liman ya yarda da ni ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙaro mini hujjar da ban sani ba. Da na roƙe shi ya maimaita haka a gaban sarkin baka, sai ya gyara rawani ya ce sha'anin daji na masu daji ne. Kowace farauta, cinyar barewa ta fari gidan liman take zuwa. Ban ce wannan ne dalili ba, na dai faɗi inda cinyar ke zuwa.

A ƙarshe sarkin baka ya yi abin da ya kira sassauci. Za a wanke bakan: a ɗaura masa tsarkiya, a shafe shi da kitse, a riƙa juya shi a kan garwashi da saiwoyin maharba har hayaƙi ya kori warin tukunya. Duk wanda ya taɓa ganin aikin ya san abin da zai faru. Zafi ne ya sa lanƙwasar, zafi kuma zai cire ta, musamman ga tsarkiya tana ja. Ina kyautata zaton dattijon ma ya sani. Bakan da ya wuce kuka bai yi wa masu bakan da ba ya kai kuka daɗi ba.

Na ce wa Yaya ya ƙi. Na ce ya tafi Kajiji ko Dingyaɗi, ko'ina maharba za su karɓe shi hannu biyu. Ya daɗe yana shafa bakin bakan da babban yatsa.

Ya ce, “Malam, Baba ba Kajiji yat tsaya ba.”

Aka yi wankin da hantsi a ƙofar sarkin baka, jama'a na kallo. Yaya da kansa ya riƙe bakan a kan wutar, don ya ce ba wanda zai yi masa. Ina tsaye ina kallon bakin nan biyu suna buɗewa a hankali, aikin rani guda yana miƙewa, har abin ya koma sanda da tsarkiya kamar na kowa, sai ɗan karkacewa a gefe ɗaya. Sarkin baka ya sake shinshinawa, ya sa albarka, ya ce gurbin marigayi ya samu mai shi. Mutane suka yi ta miƙo hannu, kuma na lura a ranar ba wanda ya ce masa Soja.

Da na koma gida na ba Inna labari. Sai ta ce in gaya wa wancan, duk namijin da ke cikin sahun nan da shinkafar tukunyar mace ya yi ƙarfin jan tsarkiya, amma ba ta ji an gasa ko ɗaya a kan garwashi ba.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. An sa mutum ya ɓata mafi kyawun abin da hannunsa ya taɓa yi, a gaban jama'a, don ya sayi izinin tsayawa a wurin da yake nasa tun asali. Masu ilimi sun yi shiru, masu layu sun yi hukunci, sauran sun yi kallo. Yaya bai yi ƙorafi ba. Ya gyara kwarinsa, ya sa wa kibiyoyi sabon kyauro, yana jiran ranar fita.

Ana shirin buga gangar farauta sai ɗan doka ya zo daga wurin hakimi da saƙon Di'o, Baturen mulki, cewa gwamnati ta hana farautar gayya da ƙona daji a gundumar. Ba a fita a shekarar ba, ba a kuma sake fita ba.