Gora ta Biyu

Ko zan manta komai, ba zan manta safiyar da na so in zubar da maganin Baba a kwata ba.

Baba tsohon soja ne, ya yi ritaya ya koma gonarsa ta Manga. Wata shida yana ganin jini a bayan gida bai faɗa wa kowa ba, sai da Mama ta gano da kanta. Asibitin Zuru suka tura mu Sakkwato, aka ce za a leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara, amma sai hanjin ya wanku tas. In ba haka ba, a dawo bayan wata uku.

Nas ta ba mu garin maganin wankin ciki leda biyu, kowace a kaɗa a gorar ruwa lita ɗaya. Gora ɗaya da yamma, ɗaya da safe, kofi guda duk bayan minti goma sha biyar, ba abinci. Ni mai digiri na ninke takardar na jefa a jaka. Mama, da ba ta san ko bihim ba, sai da ta sa nas ta maimaita mata sau uku.

A gidan ƙanwar Mama muka sauka a Sakkwato. Gorar yamma ta yi aikinta, mutumin da ke ba mu labarin yaƙi ya koma zaryar banɗaki yana dafa bango. Da gari ya waye na ga idonsa ya zurma, tausayi ya kama ni. Na ɗauki gora ta biyu na nufi kwata.

"Ina za ki da ita?" in ji Mama.

"Mama, me ya rage a cikinsa? Kashe shi za mu yi?"

"Ajiye. Nas ta ce sai abin da ke fita ya koma kamar fitsari. Na duba, bai koma ba."

Ta zauna gabansa da kofi. Baba ya kau da kai.

"Saja, shekara nawa na yi ina jiranka kana daji? Ba zan jira wata uku ba. Sha!"

Ya sha. Ni ke duba agogo, ita ke miƙa kofi, har gorar ta ƙare. Haushinta na ji a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Bayan gwajin likita ya nuna mana hoton wani ɗan tsiro kamar ƙwayar wake, ya ce ya cire shi. Ya ce da akwai sauran datti da bai gan shi ba, kuma irinsa ne ke zama cutar daji. Sai da na nemi benci na zauna.

Bana ma Baba ya nome dawarsa. Ni kuwa tun ranar na daina yarda da tausayina in har sauƙi kawai yake nema mini. Na ga tausayi na gaske a hannun Mama, hannun da bai ajiye kofin ba.