Safiyar da Muka Zauna a Bencin Masu Ƙanjamau

Na daɗe ina riƙe da alli kafin in yi ritaya a matsayin hedimasta, na kuma ga abubuwa iri-iri a garin nan na Maiduguri. Da yawansu tsufa ya fara share mini su. Amma akwai wata safiya da na tabbata ba za ta bar zuciyata ba sai ranar da aka mayar da ni ƙasa, wato safiyar da na sa babbar rigata ta Juma'a na je na zauna a bencin masu ƙanjamau.

Matasan yanzu ba su san nauyin sunan cutar nan a wancan zamani ba. Ba a ambatonta sai an rage murya. Magani bai daɗe da isowa ba, kuma ba haka kawai ya faɗo ba. Masu ɗauke da cutar ne suka yi ta fafutuka, a gida da waje, har ya zo hannun talaka. Sai dai a asibitin da mutanenmu ke zuwa an yi wani tsari da kyakkyawar niyya, ya zama masifa. An ware musu ranarsu, da 'yar taga a bayan gini, da dogon benci a ƙarƙashin dalbejiya, wai don a rufa musu asiri. Masu tsarin sun manta da halinmu. A nan mutum ɗaya ba ya zuwa dubiya. Unguwa ce ke tasowa, mata da lafaya da kwanukan abinci, maza na biye, kuma hanyar ɗakunan majinyata ta gaban bencin nan ta ratsa. Wanda ya zauna a kansa da hantsi, kafin azahar duk unguwarmu ta Gwange ta ji labari.

Haka ta faru da wani tela a layinmu, tsohon ɗalibina, wanda na koya wa karatu tun yana kuka a ƙofar aji. An gan shi a bencin sau ɗaya, masu kawo ɗinki suka janye. Sai ya daina karɓar magani. Da na je duba shi, na tarar wuyansa ya zama kamar na yaro.

"Malam, gara in mutu a ɗakina ana cewa taifot ne," in ji shi. "'Ya'yana mata ne. In na ci gaba da zama a wurin nan, wa zai zo neman aurensu?"

Na yi masa nasiha irin ta malamai, ya saurara cikin ladabi, amma na fita na san ban karkata shi ba.

Bayan 'yan kwanaki wata mata daga unguwar Bulabulin ta yi sallama a gidana. Mijinta ya rasu da cutar ya bar ta da ita, ita ce kuma shugabar ƙaramar ƙungiyar masu karɓar magani, mace ta farko da na taɓa ji ta faɗi abin da ke jikinta da bakinta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ta shaida mini sun yi ta sintiri wurin hukumar asibiti suna roƙon a rufe tagar nan, a riƙa ba su magani inda ake ba kowa, ana ce musu za a duba.

"Baba, mu in muka yi magana, cutar ake ji, ba hujjar ba."

"To me kike so in yi, 'yata? In rubuta musu?"

"Rubutu mun gaji da shi. Zama nake so ka yi. Ka zo ka zauna tare da mu."

Na san abin da take nema, na kuma san abin da garin zai ce. Da na shawarci uwargidana, ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. "In za ka je, ka sa rigar kirki," ta ce. "Kada a ce cutar ta haɗu da talauci."

Na kai maganar majalisarmu ta tsofaffin ma'aikata. Abokina, wani Babarbare da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya dube ni ta saman tabarau. "Hedimasta, da furfurarmu za a ce mun yi yawon banza?" Na ce masa ai shi riba ya ci, za a ce har yanzu da sauransa. Aka yi dariya, amma ranar da aka sa, shi ya riga kowa fitowa, da hularsa zanna da sandarsa. Telan kuwa da kaina na je na ɗauko shi. Ya so ya ƙi, sai dai bai taɓa koyon yadda ake ce wa malaminsa a'a ba. Muka sa shi a tsakiyarmu.

Da muka isa, masu jiran magani suka fara miƙewa za su ba mu wuri, shugabar ta ce kowa ya zauna inda yake. Muka kutsa tsakaninsu, kafaɗa da kafaɗa. Can sai ga ayarin farko na masu dubiya. Na ga yadda suka rage tafiya, suna duban juna. A tarbiyyarmu ba a wuce dattijo a zaune ba gaisuwa. Dole suka rusuna, wannan ta ce "ina kwana, Baba", waccan ta ce "wushe" da Barbarci, gaisuwa kuma ba ta tsallake mutum, sai ta bi bencin har ƙarshe. Mutanen da aka saba kawar da kai daga gare su, ranar nan an tambaye su lafiyar iyali. Na ji telan ya amsa tasa gaisuwar a hankali. Ban dube shi ba, don kada in ƙara masa nauyi.

Ba a jima ba babban likita ya fito da sauri, ya rusuna.

"Baba, don Allah ku shigo ofis. Bai dace a gan ku a nan ba."

"Likita," na ce, "in wurin nan bai dace da ni ba, da wa ya dace?"

Abokina ya ƙara da cewa mu ba mu ƙi ofis ba, amma tare muka zo, tare za mu shiga. Sai shugabar ta miƙe ta yi bayani, a natse, ba ta bar komai ba. Wannan karo an saurare ta har ta dasa aya.

Ba ranar aka sauya tsarin ba. Mun koma, mun sake komawa, kullum bencin na ƙara cika da dattawa har wasu na shimfiɗa darduma a ƙasa. Mun kuma ɗanɗana abin da suke sha. A masallaci wani da muka daɗe muna haɗa sahu ya janye ƙafarsa daga tawa. Na matsa na sake haɗawa, na bar shi da Allah. Daga bisani aka rufe tagar, aka mayar da maganin ɗakin magani na kowa, inda mai hawan jini da mai ƙanjamau ke bin layi guda ba wanda ya san na wani.

Telan yana nan da ransa, furfura ta fara fito masa. Ya aurar da 'ya'yansa duka, ni ne ma na ba da auren babbar. Har yau shi ke ɗinka mini riguna, yana kuma yi mini tsiyar cewa na rame.

Nasarar ta matar nan ce da 'yan ƙungiyarta, waɗanda suka yi shekaru a bencin da mu muka zauna na ɗan lokaci. Amma ina alfahari da cewa da suka nemi aron furfurata, ban hana ba. Abin da na koya shi ne, girman da jama'a suka ba dattijo amana ce, ba ado ba. In ya ɓoye shi don tsoron kada ya ɓaci, alhali ran wani na bukatarsa, to bai san dalilin da ya sa aka ba shi ba.