Ƙofar da Hajiya Ta Ƙi Sa Hannu a Kanta

Ko na tsufa na manta inda na ajiye madubin idona, ba zan manta da ranar da wata tsohuwa ta kusa hana ni gida saboda alheri ba.

Shekarun baya ina da butiki, wato shago, na atamfa a kasuwar Wadata. Na ɗauki kaya bashi, na bayar bashi, masu karɓa suka ɓace, jarina ya karye gaba ɗaya. Na koma kan keken ɗinki, ina biyan mutane kaɗan-kaɗan har Allah ya raba ni da nauyinsu. Mutum huɗu ne. Uku na biya su daidai. Ta huɗun wata Hajiya ce Bazabarma mai sarin atamfa. Da saura jikka ɗari, wato sefa dubu ɗari, ta ce in bar shi, ta yafe.

Da na gaji da haya a unguwar Bukoki, kuma ina da ɗan fili a Harobanda, can hayin kogi, sai na nufi wani banki da ba ya ɗora ruwa, wanda yake sayen kayan gini ya sayar maka ka biya a hankali. Ma'aikacin ya tambaye ni ko na taɓa karyewa. Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce babu laifi, amma in kawo takarda daga kowane mutum cewa ba ya bina komai, kafin ƙarshen wata a rufe dosiye, wato a daina karɓar takardu.

A nan na gane wautata. Ni da nake rubuta komai da ajami, har ranar da akuyata ta haihu, ban taɓa karɓar takardar biya ko ɗaya ba. Mu a kasuwa hannu muke gaisawa, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Ukun nan ba su ba ni wahala ba. Ɗaya ma har shayi ya zuba mini. Na bar Hajiya a ƙarshe don ina ganin tata ce mai sauƙi.

Na same ta a kan tabarma tana kaɗa mafici. Na karanta mata abin da na rubuta, cewa ta yafe mini jikka ɗari.

"Malam, ka ninke takardarka," in ji ta. "Abin da na yi tsakanina da Ubangijina shi za ka kai wa ma'aikacin banki ya buga masa hatimi? Ladan nawa kake so ya zube a ofis?"

"Hajiya, gida zan rasa."

"Da can a bisa itace kake kwana?"

Na roƙa, na kawo abin da na sani na karatu, ta ce ita ma ta je makarantar allo, kada in yi mata wa'azi. Na fita ina dariya, amma fa kwana biyar kawai suka rage.

Mai ɗakina ce ta warware. Ta ce, "In ba ta son a rubuta yafiya, ai sai ka biya ta, a rubuta biya." Ta kwance 'yan kunnenta, ni kuma na sayar da tsohon keken ɗinkina guda.

Hajiya ta ƙirga kuɗin sau biyu, fuska a murtuke. "Kai dai taurin kai gare ka tun kana saurayi. Kawo in dangwala." Ta dangwala yatsa, ba ta ko yi mini sai an jima ba. Na tafi ina jin na sami gida na ɓata da uwa.

Banki ya amince. Ana cikin gini, ran nan sai ga amalanke ya haye gada ɗauke da ƙofar ƙarfe koriya. Mai turawa ya ce wata Hajiya ce ta aiko, ta ce kuma in na kuskura na rubuta wannan a takarda, ba ita ba ni.

To ga shi na rubuta, amma ban faɗi sunanta ba, Allah ya sa ladanta ya isa cif. Ni dai na koyi cewa bashi da biyansa a rubuta su kamar yadda addini ya ce, alheri kuwa a bar wa mai shi ya ɓoye abinsa. Kullum na tura ƙofar nan sai na yi mata addu'a.