Bargar Yaya Mai Bango Uku

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana. Ina shagon ɗinkina, almakashi a hannu, matarsa ta kira ni ta ce ya yanke jiki ya faɗi a filin bayan gidansa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na faɗi haka da bakina, Yaya, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba. Kana ƙaramin makanike, hannu duk baƙin mai, kai ne mai kai ni makaranta a kan babur, kana cewa in riƙe rigarka da kyau don ba ka da wata autar ta canji. Kai ka saya mini keken ɗinki na farko, ka ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar ɗakina. Ban taɓa buɗe baki na roƙe ka abu ba, domin kafin in roƙa ka riga ka kawo. Kuma ba ni kaɗai ba. Duk wanda motarsa ta mutu a layinmu ya san ƙofar da zai buga.

Sai ga zancen doki. Wani tsohon doki mai jan keken kaya ya durƙushe a gaban garejinka, mai shi yana ta zabga masa bulala. Ka fito ka riƙe bulalar, ba ka koma ciki ba sai da dokin ya zama naka. Mun yi maka dariya har da hawaye. Na ce, "Yaya, duk motocin duniya sun ƙare ne, ka koma gyaran mai ƙafa huɗu?" Ka yi murmushi ka ce wannan ko ba komai ba ya shan fetur. Ka kai shi gonar wani abokinka a bayan gari, kullum ka tashi aiki sai ka tafi da dusa da ciyawa, har haƙarƙarinsa suka ɓuya. Burinka ɗaya, ka yi masa barga a bayan gidanmu na gado, inda kake zaune da iyalinka, ka buɗe taga da safe ka gan shi.

Ban taɓa ganin wanda ya yi wa dabba gini da natsuwa irin taka ba. Kafin a sa bulo ɗaya ka bi maƙwabta gida gida kana neman yardarsu. Ka sa magini ya karkata daɓen don fitsari ya bi ta kwata, kada ya taɓa bangon kowa. Ka ɗaga rufin, ka bar taga a sama saboda iska. Komin abinci da hannunka ka sassaƙa, ka goge bakinsa don kada ya yanki leɓen dokin. Bango uku suka tashi tsaf. Na huɗun ne ya tsaya, kuma a kaina ya tsaya.

Da aka raba gado, wani ɗan siririn fili a gefen da bangon zai tashi ya faɗo a rabona. Ba komai a cikinsa sai karyayyun kujeru da tsohuwar randa. Ka zo har shagona, ka zauna a benci kamar mai jiran ɗinki, kana juya hula a hannu.

"Auta, alfarma na zo nema," ka ce. "Idan na rufe bangon a kan iyakata, wurin ya yi ƙunci. Doki yakan kwanta ya yi birgima. In ya juya ƙafafunsa suka tokare da bango, ba ya iya tashi, a nan zai mutu. Ki ɗan matsa mini, ko aro ne."

Na ce, "Bari in yi shawara."

Wace shawara, don Allah? Ni da nake gidan mijina a wata unguwa, ba ni da abin da zan yi da wurin. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, na ji daɗin ganinka a wannan bencin. Tunda nake, yau ga Yaya yana neman abu a hannuna. Na so in ɗan ja abin, in ɗanɗana girman, sannan wata rana in zo in ce maka ɗauki duka. Wallahi niyyata ke nan. Na ɗauka lokaci nawa ne.

Ba ka sake tayar da maganar ba. Damina ta zo ta wuce, kana ta zirga-zirga zuwa gona da wannan ciwon ƙirjin da kake ɓoye mana. Magini ya ce a rufe haka nan mana, ka ce ba za ka ɗauko dabba daga sarari ka saka ta a akwati ba. Duk lokacin da na zo gidan sai ka tare ni da fara'a, ka tambayi yara, ka tambayi kasuwa. Ni kuwa in sha ruwa in tafi, ina kauce wa ƙofar baya.

Bayan an watse daga zaman makoki na samu matarka a tsakar gida, na ce a kira magini gobe, a kwashe tarkacena, a ja bangon har inda kake so. Ta ce mai gonar ya karɓi riƙon dokin, domin babu mai iya ɗawainiyarsa a gidan yanzu. Na ce to a gina duk da haka, ni zan tsaya a kai. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zarge ni ba. Cewa kawai ta yi, "Auta, a gina wa wa?"

Kunya nake ji, Yaya, kunyar da babu wanda zan kai wa ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, da abokan aikinka na gareji, da maƙwabtan da suka yi kuka kamar jininsu ne ya tafi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Tausayin da ka yi wa dabbar da ba ta da bakin godiya, Allah Ya sa ka same shi a gabanka. Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya yalwata kabarinka, Yaya, Ya ba ka faɗin da ni na hana ka.