Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yayanmu gola ne, mai tsaron raga a wasan ƙwallo, kuma a kasuwar Kibiya ya fara koyon sana'arsa. Ranar kasuwa shi ake ɗorawa a bayan mota, masu lodi suna jefo masa kankana yana cafewa yana jerawa. Duk wanda ya saki kankana ta fashe ya san abin da zai sha a bakin mai kaya, shi ya sa hannunsa ya saba da riƙo tun bai taɓa ganin safar gola ba. Daga filin firamare ƙungiyar Rano ta ɗauke shi, daga Rano wani kulob na Kano ya gan shi ya ba shi kwantiragi.

Ina ji da shi, ba na ɓoyewa. Dogo ne, maganarsa kaɗan. Ba ya zagin 'yan bayansa ko sun yi masa sakaci, in aka ci shi da kansa yake shiga raga ya ɗauko ƙwallon ya miƙa. In za a buga masa fenareti kuwa, tsayawa yake ƙyam har sai mai bugun ya fara kokwanton ƙafarsa. Duk ranar da aka sa wasansu a rediyo ni ce mai ƙure murya a tsakar gida, ina tsalle kamar ni na tare.

Inna kuma sai ta tashi. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta haɗa ido da shi. “Wancan” take ce masa. Da mai sharhi ya kwaɗa sunan, sai ta ce rediyon nan ya cika mata kunne, ta shige madafa. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna har haushi take ba ni.

Ana nan wani kulob na ƙasar waje ya neme shi, aka ba shi ɗan lokaci ya sa hannu ko a ɗauki wani. Baba ya riga ya rasu, magana ta koma wurin Inna, Yaya kuma ya ce ba inda za shi sai ta ce ya je. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi bayani. Ta ce ta ji, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. To “na ji” ba “je ka” ba ce. A ranar ya faɗa mini abin da ya daɗe yana cin ransa: yana tsoron ba kunya kaɗai ba ce, wataƙila tun farko ba ta son ƙwallon, ta dai yi shiru ne.

Kocinsu, mutumin kudu ne mai Hausar kasuwa, ya ce a bar masa, shi ya iya lallashin iyaye. Ya hau mota har Kibiya, aka shimfiɗa masa tabarma, ya dinga jero yabo yana kama sunan Yaya gatsal a gabanta. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

“Wane yaro?” ta ce. “Ni ba ni da labarinsa. Ɗan gwaggonsa ne.”

Bawan Allah ya fito zaure yana tambaya a hankali ina ainihin uwar take, a kai shi. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Yaya bai yi ba. Ya ce gobe zai koma Kano ya ce a ba wani, kuma in ba ta so, ƙwallon ma zai ajiye ya dawo gona.

Ni ba na iya haɗiye magana. Na shiga na ce mata kunyar nan tana shirin raba shi da abincinsa. Ta harare ni, ta ce bakina ya fi ni girma, in fita.

Da safe ya fito da jakarsa ya tsaya zai yi sallama. Inna tana tankaɗe a bakin madafa, ta ba shi baya. Sai ta ɗaga murya, wai da ni take.

“Ke, ki ce wa wancan ya tafi, Allah ya yi masa albarka, ya tsare shi. Kuma ki ce ya nuna wa likitansu kafaɗar hagun nan. Tun ƙaramar sallah da hannu ɗaya yake sa hula.”

Ba wanda ya san da ciwon. Koci bai sani ba, ni mai kurin sanin komai nasa ban sani ba, da shi yake ta faɗuwa a raga yana ɓoyewa kada a ajiye shi a benci. Jakar ta suɓuce daga hannun Yaya. Ƙaton mutumin nan ya durƙusa a tsakar gida yana kuka da sauti, ni ma na taya shi.

Inna ba ta juyo ba. Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta ce garin tuwo ne ya faɗa mata a ido, sannan ta ce, “Ɗauke shi daga nan, ya tare mini haske.”