Takobin da Eilif Ya Gyara

Cikin shekara talatin da huɗu, babu takobin da ya fito daga ƙasar kwarin Heggdal da ke Norway bai bi ta hannun Borghild Tveiten ba. Haka jaridar gunduma ta rubuta, kuma ba ta yi ƙarya ba. Takubban goma sha ɗaya ne. Uku daga cikinsu ƙota ce kawai ta rage, ɗaya kuma daga baya ya tabbata sakatar ƙofar rumbu ce, amma da yake an riga an ba ta lamba, sai aka bar ta cikin 'yan'uwa.

Aikin Borghild a ƙaramin gidan tarihin gundumar shi ne rarrabe takubba. Takobin da ya shekara dubu a ƙasa ba a kaifinsa ake gane shi ba, wannan rabon tsatsa ne. Ƙota ake dubawa: dunƙulen ƙarfen da ke ƙarshenta, da wanda ya gitta a gaban hannu. Masana sun ba kowane iri harafi: mai kusurwa uku harafinsa daban, mai tudu biyar nasa daban, kowane harafi kuma da zamaninsa. Ta san su kamar yunwar cikinta. Tsakanin wani takobi da wani, abin da kan kai shekara huɗu, takan share ƙura, ta dafa kofi, ta nuna wa baƙi hanyar makewayi.

Abu ɗaya ta riƙe duk tsawon shekarun nan. A yammacin Norway, can bakin teku, a zamanin da, idan mai takobi ya mutu akan ƙona gawarsa, a jefa takobin cikin wutar, a lanƙwasa shi a binne su tare, don shi ma ya mutu. Borghild ta haƙiƙance mutanen kwarinsu ma sun yi haka. Tun tana da ƙuruciya ta rubuta shafi tara a kai ta aika wa manyan masana na birni. Suka amsa cewa ra'ayin yana da ban sha'awa, amma ina lanƙwasasshen takobin? Nata duka a miƙe suke. Sai ta zauna jira. Tana cikin wannan jira ne mijinta Sverre ya rasu, tana jira gwiwoyi suka fara ƙara, gilashin idonta ya yi kauri har sau uku.

Saura kwana tara ta yi ritaya, ran wata Talata da hantsi, sai ga Eilif ƙanin mijinta. Manomin dankali ne, mutumin da ba ya iya ganin ƙusa a karkace ya wuce ta. A kwarin nan ba a mayar da kayan aro sai an gyara, ba a kai wa mutum abu da datti, Eilif kuwa ya fi kowa riƙon wannan. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, yana sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya rungumo wani dogon abu cikin mayafin tebur.

Ya ce, "Matar yaya, ajiye kofin nan. Yau na kawo abin da zai sa ki daina yi wa mutane fuskar shanu."

"In dankali ne kai gida, ka san hanya."

"Wannan dankalin ba ya dafuwa."

Ya warware mayafin a kan teburinta. Takobi ne cikakke, daga ƙota har tsini, yana sheƙi yana warin man tarakta. Idonta ya tafi ƙota da kansa: kusurwa uku, harafin H, irin da ya fi kowane yawa. Sannan ta ga baƙar fatar nan da wuta kan bari a jikin ƙarfe, saura kaɗan a gindin ƙotar, inda burushi bai kai ba.

"A ina ka samo shi?"

"Gonar gangare, kusa da tulin duwatsun nan da Sverre ya ce zai kwashe tun yana da gashi a ka. Garma ce ta tono shi ran Alhamis."

"Yau Talata, Eilif."

"To da fa? Haka zan kawo miki shi? Ai da kin gan shi sai kin yi hawaye. A naɗe yake, ninki uku, kamar saniya ta kwanta a kai. Ga toka, ga guntayen ƙashi duk sun manne. Na ce wannan gidan hukuma za shi, ba juji ba."

Borghild ta laluba kujera ta zauna. Ta ce, "Ninki uku."

"Uku cif. Ban san wane shashasha ya yi wa ƙarfe mai kyau wannan wulaƙanci ba. Kwana huɗu na yi a maƙera. Wuri ɗaya ya karye mini, na yi masa walda. Nemo wurin in kin isa."

"Ka ɗauki hoto?"

"Kin mai da ni ɗan ƙauye ne?" Ya ciro waya ya miƙa mata. Ga takobin a miƙe sambal a kan bencin maƙera, ga rabin babban yatsan Eilif a gefe.

"Kafin ka taɓa shi nake nufi."

"Wa ke ɗaukar hoton abu a lalace?"

"Wani ya gan shi a naɗen?"

"Kare."

"Tokar fa, da ƙasusuwan?"

"Na bi wurin da garma na shuka. Kin san irin dankali ba ya jiran kowa."

Mutanen Heggdal ba sa ɗaga murya, ko da gobara. Borghild ta cire gilashinta ta goge, ta mayar. Ta tashi ta zuba masa kofi, ta yanka masa burodi da jan cuku. Ya ci rabi yana kallonta, murnar tana raguwa a fuskarsa.

"Matar yaya, lafiya? Ko ban goge shi sosai ba ne?"

"Ka goge, Eilif. Duk duniya ba mai cewa ba ka goge ba."

Ta yi abin da ya rage a yi. Ta sa ya faɗi yadda ya tsinci takobin, ta rubuta, ya sa hannu bayan ya gyara mata wuri biyu inda yake ganin ba ta yaba aikin maƙerar yadda ya kamata ba. Ta ƙunshe takobin ta aika birni, domin ƙarfen da aka taɓa lanƙwasawa wani lokaci yakan riƙe alamar a cikinsa, masu na'ura su gani. Ranar ritayarta aka yanka kek, aka ba ta bargo.

Amsa ta zo a tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe gonar gangare, aka biyo ta da ita har gida. Ta karanta a tsaye a bakin ƙofa. Sun tabbatar da harafin H, sun gode da ƙoƙari. Maganar ɗan'uwan miji, in ji su, ba ta isa hujja ba. Ƙarfen kuwa ya sha wuta da guduma kwanan nan, shan da ya shafe duk abin da ya gabace shi. A ƙasan takardar akwai gurbin da ake rubuta siffar takobi. An cike shi da kalma ɗaya: miƙaƙƙe.